Gwiwar Hagu ta Hankaka

Saura awa shida a haska fim ɗinta Azilis Kerbrat ta gane ɓarnar da ta yi wa gidansu, kuma a hawan tudun maƙabarta ta gane.

Safiyar bikin cocin Lanverec ce. Tana biye da yayyenta biyu a ƙaramar motarta, a hankali, don hanyar ba ta da wurin wucewa. Gurvan, babban, shi ke tuƙa keken nan da kowa ya sani a garinmu, wanda ya haɗa da kansa da walda: taya biyu da kujera a gaba, sirdi a baya. Tangi na zaune a kujerar, bel a ƙirji, bargo a kan ƙafafun da rabonsu da motsi shekara ashirin da biyu ke nan. Kowace Lahadi haka suke fita, ko ana ruwa ko ana iska. Gurvan ke yi masa wanka, shi ke juya shi a gado, shi ke ɗaukarsa zuwa banɗaki sau huɗu a rana, kowane a kan lokacinsa. Bai yi aure ba, bai taɓa kwana a wani gari ba. Matan Lanverec sun ishi 'ya'yansu da gori a kansa, har yaran suka tsane shi babu gaira babu dalili.

Da tudun ya yi tsanani, Gurvan ya miƙe daga kan sirdi. Sai Azilis ta ga gwiwarsa ta hagu ta leƙa waje kamar mai korar kare, ta dawo. Kafaɗar dama ta faɗa ƙasa, kai ya karkata. Feda ta zagayo, gwiwar ta sake leƙawa.

Ta taka birki har motar ta mutu. Ta san wannan gwiwar fiye da yadda ta san fuskarta, don ta zana ta sau ɗari da talatin da biyu.

Shekara goma sha huɗu Azilis na birnin Angoulême tana aikin fim ɗin zane, biyar daga ciki ta ƙarar da su a kan wannan guda ɗaya. Da fensir ta yi shi, a kan takarda, takarda goma sha biyu ga kowace daƙiƙa, aikin da mai cikakken hankali ba ya ɗauka. Labarin gidansu ne: uba makanikin keke da 'ya'yansa biyu 'yan tsere. Mutanen birni sun kalla sun tafa, sun ce akwai ban dariya akwai ban tausayi. Amma mutanen birni ba su san gwiwa ba.

A tsakiyar fim ɗin akwai daƙiƙa goma sha ɗaya da ba ta ƙirƙira ba. Tana 'yar shekara goma, a ranar tseren keke na biki irin na yau, mahaifinta ya tsayar da ita a kwanar coci da gorar ruwa biyu. Ruwan sama ake kamar da bakin ƙwarya, duk 'yan kallo sun gudu ƙarƙashin rumfa a bakin layin ƙarshe, ita kaɗai ta rage. Zagaye na ƙarshe. 'Yan tsere suka gangaro, rabinsu cikin baƙar rigar ruwa da ta rufe lamba, fuskoki duk laka. Tangi na gaba, ɗan shekara goma sha tara, wanda ake cewa wata ƙungiyar ƙwararru na zawarcinsa. Suka wuce ta. Daga baya ta ga wani mai baƙar riga ya miƙe, ya taka feda sau uku ya cim masa, ya zauna, ya ɗora hannu a ƙugunsa, ya tura. Tayar Tangi ta gaba ta zame. Ya daki bangon coci da kai da kafaɗa, hular kwanonsa ta rabe biyu, jikinsa ya naɗe ta inda jiki ba ya naɗewa. Jinin ya bi ruwa ya gangaro ta kwata har ya taɓa takalminta, ita kuwa tana nan riƙe da gora biyu, ba wanda ya gaya mata ta ajiye.

Da aka tambaye ta, abin da ta gani ta faɗa: mai baƙar riga ne ya tura shi. Mahaifinsu, Youenn Kerbrat, bai nemi ƙarin bayani ba. Malo Cozic, ɗan ƙauyen da ke ƙetaren rafi, shi ya ci tseren, da baƙar riga a jikinsa, kuma sati ɗaya kafin nan sun zagi juna da Tangi a gaban mutane. Kwana biyu bayan haɗarin, Tangi na asibiti bai san inda kansa yake ba, Youenn ya je gonar su Malo da dogon sifanan da ake kwance feda. Ya same shi yana ba aladu abinci. Ya danne hannunsa na dama a bakin kwamin siminti ya dinga duka, tun Malo na ihu har ya koma kiran uwarsa, har ya yi shiru. Likitoci sun ƙirga karaya goma sha tara. Malo bai sake matsa birki ba, Youenn ya yi wata goma a kurkuku, ya fito kansa a sama. Gurvan ne ya tuƙa mahaifinsu zuwa gonar ranar, ya zauna a mota yana jin komai.

Azilis ba ta so ta sa Malo a fim ba, sai ta mai da mai turin hankaka, baƙi wuluk, ba fuska sai baki. Ta ɗauka ta rufe magana. Sai dai mai zanen motsi ba daga kai yake zana motsi ba, daga abin da ido ya haɗiye yake fito da shi, kuma idon yarinyar nan ya haɗiye taku ukun nan bai zubar da ko ɗigo ba. A garinmu kuwa ba mai sanin ɗan tsere da fuska. Fuska laka ce da tabarau. Tsoho zai tsaya a kan gada ya hango ɗigo a nisan kilomita ya ce ɗan wane ne, daga yadda yake taka feda, kuma ba ya kuskure. Mutum ɗari biyu irin waɗannan za su zauna a ɗakin taro ƙarfe huɗu, Youenn a layin gaba. Shi ya koya wa Gurvan hawa keke, shekara goma yana dukan gwiwar nan da sanda ta ƙi komawa ciki.

Tsoro ya kama ta sosai. Ta san ubanta. Yana da shekara saba'in, amma sifanan nan na nan a dogon aljihun wandon aikinsa, ranar tsere ma ba ya rabuwa da shi.

Ta sami Gurvan a bayan gida yana goge sarƙar keken da tsumma. Tangi na kicin tare da mahaifinsu.

"Ɗauki motata ka bar garin nan," ta ce. "Yanzu. Tafi Brest, tafi ko'ina, ka dawo jibi."

Bai ɗago ba. "Wa zai kai Tangi banɗaki ƙarfe biyar? Ke? Da waɗannan hannayen naki na fensir?"

"Na bi ku a tudun maƙabarta. Na ga ka miƙe."

Tsumman ya tsaya. Ya daɗe yana kallon sarƙar, sannan ya ci gaba da gogewa, ƙwaya ɗaya bayan ɗaya.

"To," ya ce. "Kin daɗe ba ki gani ba."

"Na zana ka, Gurvan! Ban san kai nake zanawa ba. Hankakan, kai ne, tun daga gwiwa har kafaɗa. Makaho ma zai gane."

"Ashe kin iya aikinki."

Ta fizge tsumman ta jefa masa a fuska. "Ƙaninka! Me ya yi maka?"

"Rage murya, malama." Ya share baƙin man da ya shafe masa kunci. "Ba kin san turin ba? A'a, ke ƙarama ce, ba a zuwa da ke. Kullum da asuba Papa na kai mu hanyar bayan injin niƙa. Ni in ja Tangi har zagayen ƙarshe, in ƙarfina ya kusa ƙarewa in ɗora hannu a ƙugunsa in ba shi sauran. Alƙalai sun hana, shi ya sa muke yi a ɓoye. Papa ya ce bayan kwanar coci, in hanya ta miƙe. Sau dubu ya faɗa, bayan kwana. Ranar ƙafafuna sun mutu tun daga gada. Na san ba zan kai bayan kwana ba. Na ce gara in ba shi yanzu da in tafi da shi gida." Ya ɗaga kafaɗa. "Na ba shi."

"Ka zauna a mota ana farfasa hannun Malo."

"Na zauna."

"Don me?"

"Don ina da shekara ashirin da uku, kuma ina jin irin ƙarar da sifanan ke yi." Ya kalle ta karo na farko. "Kada ki nemi wani dalili mai kyau, babu. Tsoro ne."

Ta so ta tsane shi a take, ta kasa.

"Fim ɗin na cikin majigin ɗakin taro tun jiya, magajin gari ya kulle," ta ce. "Ba lokacin yankewa. Zan tsaya kusa da soket. In an zo wurin in zare waya, in ce wuta ce. Kafin a gyara na tsallake shi."

"Shekara biyar kina zane, ki zo ki zare waya."

"Zai kashe ka."

"Yi yadda kika ga dama," ya ce, ya juya feda da hannu yana sauraron sarƙar.

Ƙarfe huɗu saura kwata ɗakin taro ya cika. An gama tseren bana, an sha giyar tuffa tun azahar, kowa na warin soyayyen naman alade da jiƙaƙƙiyar riga. An ja labule. Magajin gari ya yi jawabin da ba wanda ya saurara. A bakin ƙofa wani ƙato mai furfura a gemu ya tare Azilis, 'yan uwansa huɗu a bayansa. Hannunsa na dama a dunƙule yake a ƙirji, yatsun sun hau kan juna. Malo Cozic ne, wanda bai taɓa fashin bikin Lanverec ba, don kawai Youenn ya gan shi.

"'Yar Kerbrat, an ce ni ne hankaka," ya ce. "Na zo in ga ko kin yi mini baki mai kyau."

Ya wuce ya zauna a layi na biyu, daidai ƙeyar Youenn. Gurvan ya tura keken guragun Tangi zuwa ƙarshen layin gaba, ya gyara masa bargo, ya taka masa birki.

Aka kashe fitila, kuma Allah ya sani mutanen sun yi dariya. Ga gidan Kerbrat ya karkace gefe ɗaya saboda nauyin kekunan da aka rataya a bango. Ga Youenn da sifanu a madadin yatsu, yana sauka ɗakin ƙasa yana shayar da sababbin tayoyi madara, yana yi musu waƙar reno. Ga tsofaffin mata iska ta kama dogayen hulunansu na leshi ta tashi da su sama, suna ci gaba da gulma a kan rufin coci. Fada, limamin cocin, na yayyafa wa sirduna ruwan albarka, shanu sun jeru a shinge suna yi wa 'yan tsere gyara. "Ga Soaz can! Ga Soaz!" wani ya yi ihu, ita kuwa tsohuwa Soaz ta rantse hancinta bai kai haka ba. Youenn da kansa ya yi dariya har da buga cinya. Azilis ba ta taɓa jin ya yi irinta ba tun rasuwar mahaifiyarsu, abin ya ƙara karya mata zuciya.

Tana tsaye a jikin bango, wayar majigi a tafin hannunta. A fim aka fara ruwa. Ɗakin ya yi tsit, don kowa ya san ranar da aka zo. Ga 'yar yarinya da gora biyu. Ta naɗe wayar a yatsunta.

Hannu ya kama wuyan hannunta ta baya.

Mutumin da ya shekara ashirin da biyu yana ɗaga ƙato sau goma a rana, riƙonsa ba na wasa ba ne. Ta ji ƙasusuwanta na gugar juna, yatsun suka buɗe da kansu, wayar ta faɗi. Ta harbe shi a ƙauri. Ta sunkuya ta gantsara masa cizo a bayan hannu har ta ji gishirin jini, bai ko motsa ba.

"Bari ya wuce, Azilis," Gurvan ya raɗa mata. "Na gaji da matan garin nan suna sa mini albarka."

Hankaka ya fito daga cikin ruwan, baƙi, faɗinsa ya cika bango. Ya miƙe daga sirdi. Taku ɗaya, gwiwar hagu ta leƙa. Taku biyu, kafaɗa ta faɗa. Taku uku. Fiffike a ƙugun yaro.

Ba wanda ya kalli faɗuwar. Tsofaffin layin gaba sun riga sun juyo da kawunansu, ɗaya bayan ɗaya, suna neman Gurvan a cikin duhu.

Malo ne ya fara dariya. Dariya marar daɗi, har da tari. Ya miƙe, inuwar dunƙulallen hannunsa ta faɗa a kan hoton.

"A mayar da shi baya! Kai, a mayar! Youenn, tsohon banza, ka gani? Yaushe gwiwata ta taɓa leƙa waje? Ni da ake kawo yara su kalli yadda nake taka feda! Wannan ai gwiwar gidanka ce!" Ya cusa hannun a fuskar tsohon. "Karaya goma sha tara! Ƙirga su! Ƙirga mana, makaniki!"

Youenn ya tashi. Ko juyowa bai yi sosai ba, ya kai gwiwar hannu baya, hancin Malo ya fashe. Shi ke nan. 'Yan uwan Malo suka tsallako layi, samarin Lanverec suka tare su, ba don sun san wa ke da gaskiya ba, don dai mutanen ƙetaren rafi ne. Kujera ta tashi ta sauka a bayan wani. Kwalbar giya ta fashe a kan mai yankan nama, ya juyo ya naushi surukinsa. Mata na ihu suna jan yara zuwa ƙofa, magajin gari na roƙo a lasifika har wani ya ƙwace ta ya buga masa a baki. Fim ɗin bai tsaya ba, yana ta gudu a kan bayan mutane da fuskokinsu masu jini, da kiɗansa mai daɗi.

Youenn ya ratso ta tsakiyarsu kamar ba da shi ake ba. Hannunsa na cikin dogon aljihu.

Gurvan ya saki Azilis. Ya jawo benci, ya zauna a ƙasa, ya ɗora ƙafar hagu a kai, a miƙe, yadda ake ɗora keke a kan abin gyara.

"Na ce maka bayan kwana," in ji Youenn. Muryarsa ba ta tashi ba.

"Ka ce, Papa."

"Sau nawa na faɗa?"

"Sau dubu."

Azilis ta ji wannan tambaya, ta gane tun farko mahaifinsu ya sani. Bai ce kai ne ba. Bai ce don me ba. Mutumin da ya ƙirƙiro turin, aka ce masa an tura ɗansa taku goma kafin wurin da ya tsara, ya tashi ya tafi gonar aladu neman mai laifi. Wata goma a kurkuku sun fi masa sauƙi da ya juya ya kalli wanda ke tuƙa shi.

Ta yi tsalle ta rungume hannunsa. "Papa, don Allah! Zane ne kawai, ni na yi kuskure, ni na..."

Ya yarfar da ita, ƙarshen sifanan ya tsaga mata gira, ta bugu da bango ta zame ƙasa. Ta cikin jinin da ya rufe mata ido ɗaya ta ga ƙarfen ya tashi. Dukan farko ya sauka a ƙoƙon gwiwa, da ƙara irin ta fasa goro. Gurvan ya cije, bai yi ihu ba. A na biyu ya yi. A na uku ƙafar ta lanƙwashe ta gefe, benci ya kife, Youenn ya bi shi ƙasa ya ƙara na huɗu, yana kuka wiwi, majina har gemu, yana faɗin bayan kwana, bayan kwana.

Wani ya kunna fitila. Faɗa ba ya son haske, nan da nan kowa ya tsaya yana duban abin da ke hannunsa. Sai a lokacin aka ji muryar da ta daɗe tana kira ba wanda ya ji.

Keken guragun na kife a gaban bango, taya ɗaya na juyawa. Tun farkon rikicin aka ture shi, mutum ɗari biyu na dambe saboda Tangi Kerbrat, an tattake shi ba wanda ya duba ƙasa. Ya ja jiki da gwiwar hannu ta cikin fasassun kwalabe, ya bar layin jini biyu a bayansa, ya kai rabin ɗakin ƙarfinsa ya ƙare. Wandonsa a jiƙe yake. Ƙarfe biyar ta wuce da minti goma.

Youenn ya saki sifanan. Ya je ya durƙusa, ya cusa hannaye a hamatar ɗansa. "Ga ni, yarona. Na gama da shi. Na rama maka."

Tangi na magana da ƙyar tun haɗarin, kalma ɗaya sai ta jira 'yar uwarta. Ɗakin ya jira tare da ita.

"Wa... ya aike ka?"

"Shi ne ya tura ka, Tangi. Yayanka ne."

"Na sani." Ya haɗiye yawu. "Hannunsa... a bayana. Kullum da asuba... shekara uku. Ba zan san... hannunsa ba?"

Gurvan, da ke kwance yana haki, ya daina haki.

"Na farka... an gama da Malo. Kana kurkuku. Na ce in na faɗa... ga abin da za ka yi." Tangi ya juya ido ya nemi Malo, wanda ke zaune a ƙasa da tsumma a hanci. "Ka yafe ni. Na zaɓi... mai ɗaukata." Malo ya tofar da jini ya kau da kai, ba kuma wanda ya ga laifinsa.

Tangi ya dubi ubansa, ya dubi ƙanwarsa, ya dubi yayansa, kallo iri ɗaya ya yi musu duka.

"Kai ka rama. Ke kin zana. Kai... ka gaji. Ba wanda... ya tambaye ni." Ya rufe ido. "Ku ɗauke ni. Na jiƙe. Mutane na kallo."

Youenn ya yunƙura. Ya ɗaga kafaɗun kamu ɗaya daga ƙasa, Tangi ya yi ƙara don zafi, gadon bayan tsohon ya ƙi, suka koma tare. Maza biyu suka matso, Youenn ya daka musu tsawa suka ja baya. Azilis ta rarrafo ta kama ƙafafun. Wuyan hannunta na dama ya kumbura, yatsun ba sa rufewa, kuma sai yanzu ta gane ba ta taɓa ɗaukar yayanta ba ko sau ɗaya, ta dai zana ana ɗaukarsa.

"Ba ta hamata ba." Muryar Gurvan ce daga ƙasa, ta tsakanin haƙora. Ya ɗago kai, fuskarsa fara fat, ƙafarsa na kallon inda bai kamata ba. "Kafaɗarsa ta dama ba ta son ja. Papa, naɗe masa hannaye a ƙirji, ka rungumo ta baya. Azilis, ƙarƙashin cinya, ba ƙauri ba. Ku tallafi kansa. Da ƙafa ake ɗagawa, ba da baya ba. Ku ƙirga uku, ku tashi tare."

Daga nesa, ta wajen gada, jiniyar motar asibiti ta fara tahowa, ta jandarmomi, 'yan sandan karkara, na biye. A bango, cikin hasken fitila, fim ɗin ya dusashe amma bai ƙare ba: babban wa na tuƙa ƙaninsa a keke mai kujera, suna hawa tudu, suna wuce gajimare.

Youenn ya rungumo ta baya. Azilis ta cusa hannaye ƙarƙashin cinya. Suka ƙirga uku.

Bai ɗagu ba.